Wutar Lantarki: Wa Ke Shan Haske, Wa Ke Shan Wahala?

A wannan mako za mu duba gardamar da ake yi game da hanyar da ta fi dacewa Nijeriya ta bi wajen samar da wutar lantarki. Waɗansu sun ce a ƙara datse koguna, waɗansu sun ce a dogara da iskar gas, waɗansu kuwa sun ce ga rana nan Allah ya hore mana kyauta. Lissafin injuna da na kuɗi aikin injiniyoyi ne, mun bar musu. Amma akwai tambayar da ta shafi kowane mai hankali, watau shin ya halatta a ɗora wa waɗansu mutane cuta domin waɗansu su sami haske? In kuwa ya halatta, bisa wane sharaɗi?

Bari mu fara da ruwa. Lokacin da aka gama madatsar Kainji a kan kogin Kwara cikin 1968, an tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu a ƙasar Borgu da ta Yawuri, ruwa kuma ya cinye tsohon garin Bussa da gonakinsa da maƙabartunsa. Daga baya aka yi ta Jebba cikin 1985, aka yi ta Shiroro cikin 1990. Wutar ruwa ba ta hayaƙi, tana kuma da araha in an gama ginin, amma duk shekarar da damina ta yi ƙarfi aka buɗe ƙofofi, manoman da ke ƙasa da madatsa su ne ke asarar shinkafarsu.

Iskar gas kuwa ita ce ke ba da fiye da kashi biyu cikin uku na wutar da ke bin manyan wayoyin ƙasar nan. Daga yankin Neja Delta take fitowa, inda mutane suka shekara da shekaru suna kwana kusa da harshen wutar gas da ake ƙonawa a banza. Tun cikin 1979 aka yi dokar da ta ce a daina wannan ƙonawa daga farkon 1984, amma har yau ba a daina ba. Hasken rana ma da ake yabo, da dare sai da batir, batirin da ya mutu kuwa sau da yawa da dalma a cikinsa. Mutanen Zamfara sun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yaransu cikin 2010, ko da yake wancan ta hanyar haƙar zinariya ya zo.

Ke nan babu hanyar da ba ta da wanda take cuta. To, sai mu ce a bari duka? A'a, domin duhu ma cuta ne. Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 ba ta cika samun abin da ya wuce megawat 5,000 a wayoyinta ba. Cikin watan Oktoba na 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa sun yi fiye da mako guda cikin duhu, mai niƙa ya zauna, mai walda ya zauna, asibitoci suka koma ga janareta. Shi kuwa janareta, sau nawa muka ji hayaƙinsa ya hallaka iyali guda suna barci? Wanda ya ce kada a gina kome don gudun cuta, ya zaɓi wata cutar ce, sai dai bai ambace ta ba.

Malaman fikihu sun daɗe da nuna cewa in cuta biyu suka haɗu, ba makawa sai an ɗauki ɗaya, to, ana ɗaukar ƙaramar don a kauce wa babbar, kuma ana iya taɓa amfanin mutum ɗaya saboda amfanin jama'a. Wannan gaskiya ne. Amma masu mulki sukan riƙe rabin maganar su saki rabi. Larurar da ta halatta a karɓi gonar mutum ba ta shafe haƙƙinsa na a biya shi ba. Wanda yunwa ta tilasta wa cin abincin wani, in ya sami hali sai ya biya.

Saboda haka muna ganin akwai sharuɗɗa uku. Na farko, a faɗi gaskiyar cutar tun kafin a sa harsashi, a kuma faɗe ta ga waɗanda za ta shafa da harshen da suke ji, a saurari abin da za su ce, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, a biya diyya cikakkiya a kan lokaci, kuma wanda ya ba da gonarsa ya zama cikin na farkon da za a kai wa wuta. Abin kunya ne a ce wayoyi sun ratsa ta kan ƙauye suna kai haske birni, mutanen ƙauyen suna kunna aci-bal-bal, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. An yi dokar kafa hukumar kula da yankunan da ke da madatsun wuta cikin 2010, amma sai da aka yi wajen shekara goma kafin ta fara aiki sosai. Na uku, a tuna da waɗanda ba a haifa ba tukuna, domin su za su gāji bashin da aka ci, da rijiyar gas da ta ƙafe, da ƙasar da aka gurɓata, alhali kuwa ba a yi shawara da su ba.

Wani zai ce, in aka tsaya jiran yardar kowa ba za a taɓa gina kome ba. Amsa ita ce, ba mu ce sai kowa ya yarda ba, mun ce ne kada a ci haƙƙin kowa. Kuma aikin da aka yi bisa zalunci bai cika yin arha ba, domin shari'a da tarzoma da ɓarnar kaya sukan biyo baya.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon shirya harkar wutarsu da kansu. Ke nan wannan nauyi ya sauko kusa da mu, ya hau kan gwamnoni da 'yan majalisun jihohi, ba sauran a ce laifin na nesa ne.

Mu ma masu amfani da wutar ba mu kuɓuta ba. Wanda ya bar ƙwai a kunne da rana tsaka, da wanda ya ja waya ta bayan mita, da ma'aikacin da ya rubuta wa talaka kuɗin wutar da bai sha ba, kowannensu ya ci amanar wancan manomi da aka tasa daga gidan kakanninsa. In ka danna makunni yau da magariba, ka tuna akwai wanda ya biya kafin kai.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, mu kuma ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin. Sai wani makon.