Zafin Yatsa Da Ɗacin Gaskiya

'Yan'uwana ɗalibai da malamaina, ina neman ku ara mini hankalinku a kan wata magana wadda in an dube ta sama-sama ba ta kai a ɓata tawada saboda ita ba, don kuwa maganar kan ɗan yatsa ce. Amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Ni dai ya tsone mini nawa, har ya tilasta mini in sake tunani a kan abin da muke kira haƙuri da abin da muke kira gaskiya.

Ni mutumin Gwaram ne, can kudancin Jihar Jigawa, dab da iyakar Bauci. Na yi shekara 11 ina koyarwa a firamare kafin Allah ya nufe ni da zuwa jami'a ƙaro ilmi. A dogon hutun bara ne na fara jin ƙishirwa wadda randa guda ba ta kashe ta, ga yawan fita fitsari da dare, ga rama alhali ina cin abinci kamar gara. A gida wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce karatu ne ya yi mini yawa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na tafi asibiti a Birnin Kudu. Aka auna jinina da safe ban karya ba, aka sami 243. Likita ya ce mini in awo irin wannan ya kai 126 ko ya wuce, aka sake kuma ya tabbata, to ciwon sukari ne. Aka rubuta mini ƙwayoyi, aka umurce ni in sayi 'yar na'urar awo, in riƙa huda yatsana ina ɗiga jini a kan 'yar takardar awo safe da yamma har magani ya daidaita, in riƙa rubuta sakamakon a littafi.

Mako na farko na yi abin da zumuɗi irin na sabon shiga. Kafin mako na uku kuwa, kan yatsuna ya yi baƙi-baƙi, ya yi tauri, yana zugi. Da ma manuni da babban yatsa na fi hudawa, a tsakiyar tsoka, su ne kuwa masu riƙe biro. In na zauna ɗaukar lacca sai in ji kamar a kan ƙaya nake rubutu. Ko maɓallin riga sai na cije leɓe nake ɓalla shi. Da hunturu ya shigo fata ta bushe, abin ya ƙara muni. A nan ne tambayar da ta haifi wannan rubutu ta taso mini: me zai sa mutum mai hankali ya riƙa ji wa kansa ciwo da hannunsa kullum, alhali hudar nan ba magani ba ce, ba ta rage sukari ko da ƙwaya ɗaya, labari kawai take kawowa, labarin ma sau da yawa maras daɗi?

Na sami amsa iri uku. Ta farko daga Innata ce. Da ta ga yatsuna sai ta riƙe haɓa ta ce, "Kai ɗan nan, wannan wace irin azaba ce? Ka sha maganinka ka bar wa Allah sauran. Wa'adin mutum ba ya wuce ranarsa, ko ka auna ko ba ka auna ba." Ta biyu daga kawuna ce, wanda ya yi ƙuruciyarsa cikin Fulanin yankinmu, ya ga shaɗi da idonsa. Shi dariya ya yi, ya ce, "Ɗana, 'yar allurar nan kake wa raki? Mu mun ga samari ana tsula musu tsumagiya suna murmushi. Namiji ba ya neman sauƙi, ka daure kawai." Ta uku kuwa daga zuciyata ta fito, ita ce kuma mafi sharri, don ba ta ce in bari ba, ba ta ce in daure ba, dabara ta koya mini. Sai na koma ba na awo sai ranar da na san na kwana da ɗan abinci kaɗan. Ranar da na ci tuwon shinkafa na ƙoshi, ko na sha fura da sukari, sai in tsallake, in cike gurbin da wata lamba mai kyau daga kaina. Yatsuna suka huta, littafina ya yi kyau, na riƙa jin kamar na yi wa ciwon wayo.

Bayan wata uku na koma asibiti da littafina. Ashe akwai wani awo dabam da ake yi wa jini, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance a cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, saboda sukari kan manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa sukan rayu kamar kwana 120. Likita ya dubi takardar awon, ya dubi littafina, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Malam, littafinka da jininka ba magana ɗaya suka faɗa mini ba. Wanne kake so in gaskata?" Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Ni da na sha hukunta yara don sun saci amsa, ga ni na saci amsa a jarrabawar da ba wanda zai faɗi sai ni. Da likitan ya bi littafin nan, da ya bar ni a kan maganin da bai ishe ni ba.

To, bari mu ɗauki amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya. Maganar Inna tana da tushe a cikin tunaninmu. Mukan ce jiki magayi, watau in akwai ɓarna jiki zai faɗa, in bai faɗa ba lafiya ke nan. Amma ciwon sukari ya saɓa wa wannan karin magana. Mutum kan yi shekaru sukarinsa na sama yana harkokinsa, alhali ciwon na cin ƙananan hanyoyin jini na ido da na ƙoda da jijiyoyin ƙafa a hankali, kamar yadda gara ke cin azara ta bar bayanta lafiya lau. Abin mamaki ma, in ɓarnar ta yi nisa, jin zafin kansa ne ke tafiya: ƙafa ta mutu, mutum ya taka ƙusa bai sani ba, gyambo ya kafu har a kai ga yankewa. Ashe yatsan da ke jin zafin allura yatsa ne mai rai.

Saboda jiki ba ya faɗa, tun zamanin da likitoci ke neman hanyar tambayarsa. Likitocin Indiya na dā sun lura tururuwa na taruwa a kan fitsarin mai wannan ciwo. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin ciwon a littafinsa na likitanci. A 1776 wani likitan Ingila, Matthew Dobson, ya ƙafar da fitsarin majiyyaci ya sami wani abu mai zaƙi kamar sukari a ƙasan kwano. Insulin kuwa sai a 1921 Banting da Best suka samo shi a Toronto ta ƙasar Kanada, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa a Janairun 1922. Na'urar awon jini ta farko ta fito wajen 1970, nauyinta ya haura kilo guda, kuma ba ta yaɗu a gidajen mutane ba sai cikin shekarun 1980. Daɗin daɗawa, a 1993 aka bayyana sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu nau'in ciwon da ke bukatar insulin, aka ga waɗanda suka tsananta awo da daidaita magani haɗarin kamuwarsu da ciwon ido ya ragu da kashi 76 cikin 100. Watau abin da nake ƙorafi a kansa, mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna nemansa ba su samu ba.

Batun wa'adi kuwa gaskiya ne, ba mai musunsa. Sai dai Inna da kanta ba ta taɓa barin akuyarta a sake cikin damina don wa'adin gero ba ya wuce ranarsa ba. Takan ɗaure ta, sa'an nan ta dogara ga Allah. Ban ga dalilin da zai sa a yi wa akuya turke a bar jini a sake ba. Kuma ma awo ba don tsawaita kwana kaɗai ake yinsa ba. Kwanakin da aka rubuta wa mutum yana iya yinsu da idonsa da ƙafarsa, yana kuma iya yinsu ana yi masa jagora.

Maganar Kawu ta fi wuyar warwarewa, don ta yi kama da haƙuri, mu kuwa mun ce haƙuri maganin zaman duniya. Amma a ganina akwai bambanci tsakanin zafin shaɗi da zafin awo. A shaɗi zafin shi ne abin nema, da za a rage shi da wasan ya tashi banza. A awo kuwa ɗigon jini ake nema, zafin rakiya kawai ya yi, duk abin da aka rage daga cikinsa riba ce. Bugu da ƙari, daurewa irin ta Kawu ita ce ta kai ni ga ƙarya. Na ƙi gaya wa kowa a asibiti cewa yatsuna na ciwo, don kada a ce malami guda yana raki, sai na cije har na gaji, da na gaji na fara ha'inci. Da na buɗe baki tun farko da ban kai can ba.

Ran da na faɗa ɗin, wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni, cikin minti biyar ta warware mini abin da ya dame ni wata uku. Ta ce in daina huda tsakiyar tsoka, in riƙa huda gefen yatsa, wajen ya fi sauƙin zafi kuma ba shi ke taɓa biro ba. In ƙyale babban yatsa da manuni, in riƙa zagaya sauran shida, kowanne da gefe biyu, wuri 12 ke nan, kafin in dawo na farko ya warke. In wanke hannu da ruwan ɗumi da sabulu in goge ya bushe, don ɗumi na jawo jini, kuma ragowar mangwaro ko dabino a yatsa kan sa na'ura ta nuna lamba mai yawa ta ƙarya. In saukar da hannuna ƙasa kaɗan kafin huda, kada in matse yatsa da ƙarfi. In rage zurfin abin hudar, wanda ashe a ƙarshen lambarsa na bar shi tun ran da na saya. In riƙa canja allura, don wadda aka maimaita takan dakushe ta yagi fata. Man kaɗanya kuwa in shafa bayan awo, ban da kafinsa. Cikin mako biyu zugin ya tafi, sai ɗan tsini na ƙiftawar ido. Wannan ya koya mini cewa haƙurin da ba ya tafiya da hankali taurin kai ne. Haƙuri na gaskiya shi ne ka kawar da wahalar da za ta kawu, ka ɗauki wadda ta rage ba tare da ka fasa aikin ba.

Amsa ta uku ita ce ta fi shafar mu ɗalibai. A 1974 aka buga laccar Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya jera halaye 10, cikinsu har da gaskiya da amana da haƙuri da hankali. Mun saba ɗaukar gaskiya a matsayin abin da ke tsakaninka da wani, amana kuma kayan wani da aka ba ka ajiya. Littafin awona ya nuna mini akwai gaskiyar da ke tsakanin mutum da kansa, ita ce kuwa ta fi wuyar riƙewa, don ba shaida, ba alƙali. Jikin nan ma ajiya ne, ga iyali da ke da hakki a cikinsa. Ɗalibin da ke karanta babin da ya riga ya iya don ya ji daɗi, yana tsallake wanda ke ba shi wuya, shi da mai yin awo ran da ya kwana da yunwa duk kanwar ja ce.

Amma kada in cika baki, akwai abu biyu da ya kamata in amsa. Na farko, ana iya wuce gona da iri. Na ga wanda lamba ta zama masa alƙali, in ta hau ya yini yana zargin kansa kamar ya yi zunubi. Lamba kuwa ba hukunci ba ce, labari ce, kuma rashin barci ko zazzaɓi ko damuwa duk suna iya ɗaga ta. Ba kowane mai ciwon ne ke bukatar awo kullum ba, likita ne zai faɗi adadi, ni ma yanzu an rage mini. Na biyu ya fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon nan sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani. Tun 2014 akwai wani ɗan faifai da ake mannawa a damtse ya yi kwana 14 yana awo ba huda yatsa, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin irina. Ƙasa da ni kuma akwai manomi a Fagam ko Basirka ko Farin Dutse wanda ko 'yar takardar awon ba zai iya saye ba, wanda ba zai san yana da ciwon ba sai gyambo ya ƙi warkewa. Shi ba a ce ya ƙi gaskiya ba, gaskiyar ce aka sa wa farashi. In na tuna da shi sai in ga tsamin yatsana gata ne, kuma in ga akwai hakkinsa a kanmu da muka yi karatu, ko da na faɗakarwa ne.

Da na koma gida hutun da ya wuce, na auna Inna, lafiya lau. Kawu ya daɗe yana noƙewa, shi da ya ga shaɗi, daga baya ya miƙo ƙaramin yatsa ya kau da kai. Lambarsa ta ɗan hau, ya kuma yi mini alkawarin zuwa asibiti a tabbatar. Ni kuwa littafina yanzu ba shi da kyan gani kamar dā, akwai lambobin da ba na son kallo, amma kowace daga yatsana ta fito. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.