Kuskuren Da Ake Gogewa, Shin Yana Koyar Da Yaro?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu da muke tsayawa gaban yara a aji, muka ga ya kamata mu kawo ta wannan fili, domin kuwa ta shafi marubuci kamar yadda ta shafi mai zane. Tun da wayar hannu da intanet suka shigo darasin zane-zane, shin yaranmu ƙaruwa suka yi, ko kuwa akwai abin da muka raba su da shi ba mu sani ba?

Bari mu fara da faɗin gaskiyar da ba ta ɓuya. A shekarar 2011 kamfanin Google ya buɗe wani dandali da ya haɗa hotunan ayyukan gidajen tarihi guda 17 na ƙasashe daban-daban, wanda daga baya aka sa masa suna Google Arts & Culture. A cikinsa yaro yana iya ɗauko zanen nan na dare mai taurari da Van Gogh ya yi a 1889, wanda ke ajiye a birnin New York, ya yi ta faɗaɗa shi da yatsa har ya ga sawun burushi ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa a zamaninmu sai dai ɗan hoto baƙi da fari a littafi, shi ma mutum biyar kan taru a kan kwafi ɗaya. Gani ya kori ji, kuma wanda duk ya musa wannan alheri bai yi adalci ba. Haka nan da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ta waya ne wasu malamai suka riƙa ganin aikin ɗalibansu.

To amma fa gani daban, yi daban. A kowace manhajar zane akwai wani ɗan maɓalli wanda in ka taɓa shi, layin da ka ja sai ya ɓace kamar ba a taɓa jan sa ba. Mun sha zura ido muna kallon yaro yana ja yana gogewa, sau goma, sau ashirin, har sa'a ta gamo shi da layin da ya yi daidai. In ka ba shi takarda da tawada ka ce ya sake jan wannan layi, sai ka ga hannunsa yana rawa. Ashe ke nan bai koyi layin ba, tsintar sa ya yi.

A nan ne maganar ta tashi daga fasaha ta koma tarbiyya. Mu dubi yadda iyayenmu suka koyar da sana'a. Mai sassaƙa ƙwarya, in wuƙarsa ta zame, ƙwaryar ta tafi ke nan, ko kuma ya san dabarar da zai mai da zamewar ta zama ado. Marini a Ƙofar Mata ta Kano, in ya tsoma ƙyalle a baba, ba ya iya mai da shi fari. Mai zayyanar allo yakan daɗe yana duban itacen kafin ya ɗora alƙalami. Abin da ya haɗa su duka shi ne tunani kafin aiki, da ɗaukar nauyin abin da hannu ya aikata bayan aiki. Wannan kuwa hali ne da ɗan Adam yake bukata a aure da kasuwa da mulki, inda babu maɓallin da ke dawo da maganar da ta riga ta fita. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada, in ji Bahaushe.

Wani zai ce ai tsoron kuskure shi ne ya kori yara da yawa daga zane. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma mun ga shaidarta. Akwai yarinyar da ba ta yarda ta ja ko layi ɗaya a takarda don gudun dariyar 'yan aji, amma da aka ba ta waya sai ga ta tana gwada launi bayan launi ba fargaba. Ga kuma tsadar fenti da takarda, wadda ke sa malami ya riƙa rowar kayan aiki. Saboda haka ba mu ce gogewa laifi ba ce. Abin da muke tsoro shi ne yaro ya gama makaranta bai taɓa yin aikin da ba a iya janyewa ba.

Labarin Ladi Kwali zai haska mana hanya. Wannan baiwar Allah, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta koyi ginin tukunya da hannu tun tana yarinya a ƙasar Gwari. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yau. A can ta tarar da kayan aiki baƙi: keken juya yumɓu, da ruwan ƙyalli, da matoya mai tsananin zafi. Ta karɓe su duka, amma ta ci gaba da gina randunanta da hannu, tana zana musu kada da kunama da ƙadangare kamar yadda ta saba. Sabon kayan aiki bai haɗiye ta ba, domin ya tarar da hannu wanda ya riga ya san yumɓu. Har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Ke nan abin lura shi ne wanne ya kamata ya riga wanne. A ganinmu, a bar waya ta buɗe wa yaro ido, ta kuma zama wurin gwaji, amma aikin ƙarshe ya sauka a kan takarda ko yumɓu ko ƙyalle, inda zai zauna yadda aka yi shi. Kuma kada kallon ya zama na kayan wasu kaɗai. A tura yara su ɗauko hoton adon bangon tsofaffin gidajen Zariya, da ɗinkin aska takwas a rigar kakansu, su faɗaɗa su kamar yadda suka faɗaɗa Van Gogh. Sannan malami ya ji tsoron Allah wajen ba da maki, kada ya auna yaro da wayar da ubansa ba shi da halin saye.

'Yan'uwa marubuta, kada mu ɗauka mun tsira. Yawancinmu yanzu a waya muke rubutu, kuma tun daga 2022 manhajojin da ke ƙirƙiro hoto ko rubutu da umarnin 'yan kalmomi suka bazu a hannun kowa. Matashin da ke son zama marubuci ya gwada wannan: ya ɗauki biro ya rubuta shafi guda ba tare da ya soke kalma ba. Zai ga yadda kowace jimla take tilasta masa ya san ƙarshenta kafin ya fara ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaran da ke gabanmu yau su ne ɗanyen. Allah ya ba mu ikon sauke wannan amana, amin.