Agogon Paul Newman: Ƙarfen Aka Saya Ko Labarin?

Mai karatu, a watan Oktoba na 2017 kamfanin Phillips ya yi gwanjon wani tsohon agogon hannu a birnin New York na Amurka, aka sallama shi a kan dala miliyan 17.8. Rolex ne samfurin Daytona, na farin ƙarfe, ba zinari ba lu'ulu'u. Irin agogon nan ne mai maɓallai biyu a gefe, wanda za ka danna ya fara ƙirga daƙiƙoƙi, ka sake dannawa ya tsaya, domin masu tseren mota su auna gudunsu. Cikin shekarun 1960 kuɗinsa bai wuce dala 200 da 'yan kai ba, masu irin fuskarsa ma kwantai suka riƙa yi a kanti.

To me ya kai shi can? Mai shi ne, wato jarumi Paul Newman. Matarsa, jaruma Joanne Woodward, ita ta saya masa a zamanin da ya yi fim ɗin Winning na 1969, wanda ya jefa shi cikin son tseren mota. Ta sa aka zana masa roƙo a bayan agogon, cewa ya riƙa tuƙi a hankali. A 1984 Newman ya tambayi saurayin 'yarsa ƙarfe nawa, yaron ya ce ba shi da agogo. Nan take ya kwance nasa ya miƙa masa.

Ka ga ke nan sau biyu agogon yana sauya hannu ba ciniki, sai a na uku aka zuba miliyoyi. Shin wanda ya biya ya samu abin da ya biya dominsa? Ƙarfen dai ya shiga hannunsa, amma fargabar matar da mijinta ke wasa da ransa a filin tsere ba ta bin rasit.

Kada mu yi wa masu wannan sha'awa rashin adalci. Da agogon batir na Japan ya cika kasuwa cikin shekarun 1970, masana'antun Suwizalan da dama sun durƙushe, kuma masu tara tsofaffin agogo na cikin waɗanda suka hana a manta da wannan aikin hannu. Adana tarihi abin yabo ne.

Sai dai duk inda labari ya zama kuɗi, maƙaryaci ba ya nisa. A 2021 an sayar da wani Omega Speedmaster da aka ce na 1957 ne a kan sama da dala miliyan 3, kuma kamfanin Omega da kansa ya saya. A 2023 kamfanin ya fito ya ce ashe haɗe-haɗe ne, an tsinto kayansa daga agogo daban-daban. Agogon bai daina tafiya ba, labarin ne ya mutu, darajar ta bi shi.

Mu 'yan kallo mun san wannan ciwon, domin mu ma muna son mallakar wani abu na jarumin da muke ƙauna. Amma abin da ya ɗaga agogon Newman shi ne saukin da ya ji wajen rabuwa da shi, kuma an ba da wani kaso na kuɗin gwanjon ga gidauniyar 'yarsa Nell. Alheri danƙo ne. Kai mai karatu, da agogon da halin, wanne za ka so ka gada?