Firjin da Ya Mutu, Alhakin Wane Ne?

A gidajenmu da dama akwai firji ko talabijin da ya daina aiki, an jingine shi a lungu, har an mai da shi ma'ajin tukwane. Ran da ɗan gwangwan ya biyo ta layi da kurarsa, sai a yi ciniki, mai gida ya karɓi 'yan kuɗi, ya ce ya rabu da kaya. To, ya rabu da alhaki kuma?

Bari mu bi firjin nan mu ga inda ya nufa. Abin da ke da kasuwa a jikinsa shi ne baƙin ƙarfe, da alminiyam, da jan ƙarfen da ke cikin inji da wayoyi. Saura kuwa, watau roba, da soson da aka cusa a bangonsa, da mai, da iskar gas, ba mai saye. Tsofaffin firji suna ɗauke da iskar CFC mai lalata rufin sararin sama da ke kare mu daga kaifin rana, wadda saboda ita ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987. Ba a zuƙe wannan iska lafiya sai da na'ura. Yaron da ya saya kuwa guduma ce kawai a hannunsa, sai ya huda bututu iskar ta tafi. Wayoyin kuma wuta yake sa musu domin roba ta narke, yana tsaye cikin baƙin hayaƙi. Gilashin tsohuwar talabijin yana da dalma, gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru a Agbogbloshie cikin birnin Accra, inda samari da yawa daga arewacin Gana suke neman abinci, har hukuma ta rushe wurin a 2021. Aikin bai mutu ba, warwatsuwa ya yi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin waɗannan kaya, abin da aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Wani zai ce: ai ciniki ne na halal, ba wanda ya tilasta wa yaron, da shi yake ci yake sha. Akwai gaskiya a nan, ban kuwa yarda a raina sana'arsa ba, gama da ba dominsa ba, da ƙarfen nan ya ruɓe a bola. Amma yardar mai jin yunwa ba ta wanke kowa. Mu muka sha ruwan sanyi shekara goma, shi ya shaƙi hayaƙin. Irin wannan rabo ne Paparoma Francis ya yi kuka a kai cikin wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015, sa'ad da ya soki al'adar amfani da abu a yar.

A ganina kaso mafi nauyi yana kan wanda ya ƙera, domin shi ya san abin da ya zuba a ciki, shi ya ci riba. Tun 2003 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa masu ƙera kayan lantarki su ɗauki nauyin tattara su bayan sun mutu. Sa'an nan akwai ɗan kasuwar da ke shigo mana da na hannu wanda kwanansa ya kusa ƙarewa. Gana ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013.

Kason mai gida ƙarami ne, gama a yawancin garuruwanmu ba shi da wurin da zai kai kayan ko da ya so. Duk da haka yana iya fara kiran mai gyara, tun da sau da yawa ɗan ƙaramin sashe ne ya ƙone. In kuwa sayarwa ta zama dole, yana iya tambayar yaron inda za a ƙona wayar, da bayan gidan wa.