Halal Ne, Amma a Mayar da Shi Ruwa

A gaɓar tekun Fulorida ta ƙasar Amurka, har zuwa Birazil ta kudu, akwai wani kifi da Turawa ke kira sunuk, mutanen Latin Amurka kuwa su ce robalo. Dogo ne, fari kamar azurfa, muƙamuƙinsa na ƙasa ya zarce na sama, ga wani baƙin zane tun daga ƙeya har wutsiya sai ka ce an ja shi da alƙalami da tawada. Wanda ya san giwan ruwa zai ga kama, kuma ba mamaki, don masana halittu sun daɗe suna lissafa su gida ɗaya kafin su raba su. Abin da ya sa na ɗauko zancensa wata mas'ala ce da ta tsaya mini a rai, watau shin mai mulki yana da ikon hana mutane abin da Allah ya halatta musu, alhali kuwa Suratul Ma'ida ta bayyana halascin farautar ruwa, kuma malamai sun haɗu a kan cewa haramta halal laifi ne babba kamar halatta haram?

Ga yadda abin yake. Masunci ya tsaya a bakin mashiga tun almuru, ya jefa fatsa, kifi ya kama, suka yi ta ja-in-ja har hannunsa ya yi kanta, ya fito da shi ya shimfiɗa bisa ma'auni; in ya tarar bai kai inci 28 ba, dokar Fulorida ta ce ya sake shi, wannan kuwa kowa ya gane hikimarsa; amma in ya tarar ya wuce inci 32 a gaɓar Atlantika, ko 33 a gaɓar Tekun Mekziko, watau irin wanda zai ciyar da gida guda har a miƙa wa maƙwabta, nan ma doka ta ce ya zare ƙugiya a hankali ya mayar da shi. Wanda ya faɗa tsakani kaɗai zai kai gida, shi ma guda ɗaya a yini, a watannin da aka buɗe. Sayar da shi kuwa an hana tun 1957.

Dalilin sakin babban yana cikin halittar kifin, kuma a nan ne mai tunani zai tsaya ya yi tasbihi. Kowane sunuk namiji ake ƙyanƙyashe shi, sa'an nan bayan ya yi shekaru yana barbara, tsakanin shekara 1 zuwa 7, da yawa daga cikinsu sai jikinsu ya juya su koma mata, ba kuwa sa sake komawa. Saboda haka galibin manya mata ne, galibin ƙanana maza. (Da fuƙaha'u sun san shi, da babin mata-maza ya ƙara tsawo.) Idan zafi ya shigo sai su taru a mashigin da ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, musamman a tsayuwar wata da cikarsa, mace guda ta zubar da ƙwai fiye da miliyan a dare ɗaya, ta sake bayan 'yan kwanaki, igiyar ruwa ta kwashi 'ya'yan ta kai su cikin saiwoyin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, inda za su ɓuya su yi ƙwari. Ashe wanda ya zaɓi manya yana ci, iyayen yake cinyewa bai sani ba, don idonsa kifi ɗaya yake gani, ba ya ganin zuriyar da ke cikinsa.

To, a ganina wannan hani ba tahrimi ba ne, domin wanda ya ci babban sunuk bai ci mushe ba, naman yana nan bisa halascinsa. Abin da hukuma ta yi shi ne abin da malaman usulu ke kira taƙaita mubahi saboda maslaha, kuma Malikawa sun fi kowa faɗaɗa wannan ƙofa. Asalinsa hurumi ne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, ba wanda ya ce sun haramta ciyawa. Mutanen Kabi ma ba baƙi ba ne ga wannan, tun da kogin Matan Fada a Argungu rufe yake ga masunta sai ranar da aka ba da izini. Sharaɗin shi ne hukunci ya bi illarsa, ya tashi idan ta tashi. An ga haka a watan Janairu na 2010, lokacin da wani matsanancin sanyi ya sauka Fulorida, sunuk kuwa ba ya jure sanyi, gawarwakinsa suka yi ta yawo a kan ruwa. Hukuma ta rufe kamunsa, ta buɗe gaɓar Atlantika a cikin shekarar don ɓarnar ba ta yi tsanani a can ba, ta bar ɗaya gaɓar a rufe har Satumba na 2013. Wannan aikin mai riƙon amana ne.

Sai dai akwai wurin da zuciyata ba ta natsu ba, kuma rashin adalci ne in ɓoye shi. Hurumi iri biyu ne. Akwai na Jahiliyya, irin na Kulaibu, wanda ya keɓe makiyaya don raƙumansa shi kaɗai, har kashe taguwa guda ya jawo yaƙin Basusa. Akwai kuma na Umar, wanda, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, ya umarci mai tsaron hurumi ya shigar da mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki, ya tsare dabbobin Ibnu Aufu da Ibnu Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonakin dabino da za su koma, talaka kuwa sai dai ya zo da 'ya'yansa ƙofar halifa. Dokar 1957 ta fitar da mai tarun da ke kamu don ya sayar ya ci da iyali, ta bar mai jirgin shaƙatawa, wanda sau da yawa yakan kama kifin ne don ya ɗaga shi a ɗauki hoto ya sake shi da rauni a baki. Risala kuwa ta sanya farauta don wasa cikin makaruhi. Ban musa cewa taru ya fi fatsa ɓarna ba, nesa ba kusa ba, amma wanda aka hana wa sana'ar kakanninsa don maslahar jama'a yana da haƙƙi a wuyan jama'ar nan.

Hukuncina dai shi ne, ma'aunin inci da rufe watannin haihuwa daidai ne, shari'a ba ta ƙi su ba, kuma Musulmin da ya sami kansa a wannan gaɓa wajibi ne ya bi su ko da ba mai ganinsa. Amma hana sayarwa da nauyinsa ya faɗa wa masu kamu don sana'a su kaɗai, wannan ya fi kusa da hurumin Kulaibu fiye da na Umar.