Bakin Mota

Peugeot 504 ɗin da mahaifina ya bar mana, ɗaya daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, ta fara fitar da shuɗin hayaƙi. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri ruwa ne ke shiga inji, shuɗi kuwa baƙin mai ke ƙonewa. Na kwance fulogi huɗu a ƙofar gida, biyu sun jiƙe sharkaf. Ringi ya cinye, sai an sauke inji.

Wani ya ce, "Zuba mai mai kauri, hayaƙin ya lafa, ka sayar."

Kwana uku ina juya maganar. Zuciya ta ce ai ba ƙarya zan yi ba, shiru ne kawai. Amma ni mai rubuta manhaja ne, na san gyara kuskure daban, kashe saƙon da ke tona shi daban. Hayaƙin nan shi ne bakin motar. In na toshe shi, na yi ƙarya da hannu ke nan, kuma wani ne zai kwana a daji da iyalinsa.

Da mai saye ya zo, na nuna masa fulogin. Ya zabtare kuɗin sosai. Na sallama.