Ramukan Kuza da Alhinin Zuciya

A karanta Matiyu 6:25-34.

Kowane mutum da irin halinsa. Mu da muke aikin juya littattafai a nan Jos mukan tashi da tsakar dare, mu kunna fitila, mu sake duba kalma ɗaya wadda muka riga muka gyara da rana, gama mun taɓa yin kuskure, kunyarsa kuwa ba ta sake mu ba. Wannan himma ce, ko alhini? Himma takan gama aikinta ta kwanta. Alhini ba ya gama kome.

Duk wanda ya bi hanyar Bukuru ya ga ramukan da masu haƙar kuza suka bari. A shekarar 1914 jirgin ƙasa ya iso daga Zariya domin ɗaukar kuza. Aka kwashe ta, ramukan suka cika da ruwa. Waɗansu sun ci rayukan yara, amma masu noman rani suna jan ruwansu su shayar da tumatir da kabeji.

Haka abin da ya wuce yake. Ba mu da ikon cike ramin, amma ba lalle ne mu kwana a bakinsa muna leƙe ba. Bari kuskuren jiya ya koya mana tawali'u da haƙuri da ɗan'uwa. Nauyin gobe kuwa, mu bar wa Uba wanda yake ciyar da tsuntsaye.

Tambaya: Wane abu ne yake tashe ka da dare? Tashin nan ya taɓa gyara shi?